Kabtin Badamasi Ya Ajiye Usur

Badamasi Ashafa ya sauka Madina a shekarar 1993, da takardar koyar da motsa jiki daga Zariya da gwiwar dama mai ciwo. Wata kwalejin koyon sana'a a unguwar Bani Harisa ce ta ɗauke shi. A takarda malamin wasanni ne, amma a fili shi ne koci, shi ke zana layi, shi ke ɗaure ƙafar wanda ya yi targaɗe. Sunansa ya yi wa ɗaliban nauyi a baki, sai suka riƙa ce masa Kabtin.

Filin duk tsakuwa ne, rana kuma ba ta barin a taɓa ƙwallo sai bayan La'asar. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya cinye shi shi ne karatun kwalejin na shekara biyu ne kacal. Da zarar samarin sun fara gane ƙafar juna, sai su karɓi takardunsu su watse, a kawo masa sababbi waɗanda ko tsayar da ƙwallo ba su iya ba. Haka zai koma farko. Sau ɗaya suka kai wasan ƙarshe a gasar kwalejoji, aka cinye su a bugun fenariti.

A duk shekarunsa bai ga ɗan wasa kamar Zakiru ba, haifaffen Madina, iyayensa mutanen Maraɗi. In ka yi masa Hausa, da Larabci zai amsa. Badamasi ya yi ta yawo da shi ƙungiya-ƙungiya. Ko'ina sai a yaba, a zuba musu gahawa, sannan a tambayi takardar ɗan ƙasa. Iƙama kawai gare shi, takardar zaman baƙo. Ƙarshe Zakiru ya kama tuƙin motar dabino daga Khaibar. Tun daga nan Badamasi bai sake ce wa kowa zai yi nisa a ƙwallo ba.

A 2006 mudirin kwalejin, wato shugabanta, ya kira shi ofis, ya ce an yanke shawarar ba ɗan ƙasa gurbinsa. Wanda aka ɗauka kuwa Abdulazeez ne, tsohon golansa. Saurayin ya zo har gida a unguwar Aƙiƙ, ya sumbaci kan Badamasi, ya kasa haɗa ido da shi.

“Wallahi ya Kabtin, ban san kujerarka ba ce.”

“Ba kujera ba ce, ɗana, tsayuwa ce. Ka nemi takalmi mai taushi.”

Bayan saurayin ya tafi, Tasallah matar Badamasi ta ajiye masa shayi. “Maigida, ranka ya ɓaci ko?”

Ya daɗe yana murza gwiwa. “Kunya nake ji in faɗa miki. Sauƙi na ji.”

Sau ɗaya ya koma filin, ya tsaya jikin waya. Sai ya ji Abdulazeez yana ƙwala wa 'yan baya ihu: “Koma! Koma!” Samarin Larabawa suka ruga baya a guje. Da aka tafi hutun rabin lokaci Badamasi ya tambaye shi inda ya samo kalmar.

“A bakinka mana. Ba Turancin ƙwallo ba ne?”

Badamasi ya yi dariya har da tari, bai gyara masa ba. Tsayuwa ta gagare shi, ya tafi kafin a tashi wasan.

Ya ɗan taɓa aiki a shagon magani na wani mutumin garinsu, yana jera kwalaye, har iƙamarsa ta ƙare. A 2008 shi da Tasallah suka koma Gusau, suka bar 'yarsu Hibatullahi da mijinta a Aƙiƙ. Ba a jima ba shugaban wata sakandare ya zo har ƙofar gida, yana roƙon ya riƙe musu 'yan wasa. Badamasi ya ba shi ruwa, ya raka shi bakin titi, ya ce zai yi tunani. Mutumin ya sake aikowa, ya sake. Daga baya ya daina.