Sunan da Na Fitar Daga Kicin ɗin Satwa

Laifina ne, kuma da shi zan fara kafin labarin hanya.

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku 'yan kasuwar waya, muka ya da zango a Addis Ababa, muka sauka Dubai cikin zafi kamar bakin tanda. Masaukinmu a Satwa yake, unguwar teloli da ƙananan shaguna, inda ake jera maza a gadaje masu hawa biyu kamar buhuna a sito. Shayin karak mai madara dirhami ɗaya ne, shi kaɗai ne mai tausayin baƙo a garin.

Cikinmu kuwa yana hannun Ado, mutumin Fagge, wanda ya daɗe yana dafa wa 'yan kasuwa tuwo da miyar kuka a fulat ɗin da yake haya. Kowa ya san ɗan daudu ne, kuma kowa yana suɗe kwano. Wata la'asar na shiga wurinsa na tarar abokansa sun zo taya shi tuyar waina, na ji wata Hausa daban. Suna kiransa Uwar Marayu, don duk wanda ya sauka garin ba shi da kowa, wurinsa yake nufa. Shi kuma yana ce musu 'ya'yana. Su a tsakaninsu masu harka ne, mu na waje makafi. Ɗayansu ya hango ni ya ce, "Uwa, makaho ya shigo." Ado ya miƙo min waina ya ce, "Alhaji, abin da aka ji a kicin, a kicin yake kwana. Nan ba gida ba ne."

Sai kalmar makaho ta tsaya min a wuya. Washegari Ado ya kawo mana abinci ofishin kago da ke aika mana kaya gida, a unguwar Al Khabaisi, wurin cike da jama'a, har da mai fulat ɗinsa, shi ma Bahaushe. Na ɗaga murya: "Uwar Marayu, ina 'ya'yan naki? Ga makahonki yunwa za ta kashe shi!" Har da tafa hannu da rangwaɗa. Aka tuntsire da dariya. Ado ya ajiye kula ya fita. Mai fulat bai yi dariya ba. A garin da ƙara ɗaya kan sa a kama mutum a iza ƙeyarsa gida, ya ce ba zai ja wa kansa ba, Ado ya kwashe tukwanensa kafin Juma'a.

Bayan sallar Juma'ar muka tafi garin Hatta shan iska. Titi sumul ba rami, tsaunuka tsirara, ruwan dam kore shar. Muka buɗe leda, ga dambun naman da Ado ya yi mana alkawari, ya aiko duk da haka. Abokan tafiyata suna ci suna maimaita shaƙiyancina, ɗaya har da cewa Allah ya ƙara. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Dambunsa a bakinku, kuna kuma cin namansa?" Ɗayansu ya ce, yana kwaikwayon Larabawa, "Khalas, habibi, ya isa haka, wa ya fara?" Sai na tuna baya. Zuwana na farko Dubai zazzaɓi ya kayar da ni, abokan kasuwa suka tafi harkarsu, Ado ne ya yi jinyata da kunu. Ashe ni ma ina cikin marayun.

Na koma Satwa, kicin a share. 'Ya'yansa sun ƙi faɗa min inda ya koma, kuma sun yi daidai.

Na dawo Kano lafiya da kayana, na kuma gane sunan da mutane suka raɗa wa junansu a ɗaka sutura ce, mai yaye ta azzalumi ne. Hisabin Ado yana wurin Ubangijinsa, nawa yana wuyana. Jiya na tura masa saƙon murya, ban sani ba ko ya saurara:

"Ado, makahon nan ne. Ka ba ni waina da amana, na cinye wainar na zubar da amanar. Na raba ka da muhallinka don a yi min dariya. Ba ni da hujja. Don Allah ka yafe min."