Iyalin Tela a Rumfar Albasa

Asabar: Wurno zuwa Rabah

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka bar Wurno a tsohuwar motar Malam Yohanna, abokin aikina mutumin Zuru. Shi ke da majigi da ƙaramin janareta, ni kuwa malamin tarihi ne, jarina bakina. Mun samo wani fim na ƙasar waje, labarin wani tela Bayahude da iyalinsa a lokacin da aka yi juyin juya hali a ƙasarsu. Aka hamɓarar da sarki, sababbin masu mulki suka ce irin su tela ne maƙiyan talaka. Sau huɗu na kalle shi, sau huɗu ina share hawaye. Na ce lallai sai mutanenmu sun gani, ni zan riƙa fassarawa da lasifika. Don zumuɗi ko karin kumallo ban yi ba.

A shingen farko jami'i ya leƙo ya ce, "Mene ne a akwatin?" Yohanna ya ce, "Silima ce, yallaɓai." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Takwas saura kwata muka shiga Rabah, muka sha kunu da ƙosai a bakin tasha.

Bayan azahar aka ba mu wani aji, muka toshe tagogi da tabarmi. Ganin dattawa sun cika layin gaba sai na ji tsoron ambatar Bayahude a gabansu. Da na zo wurin faɗin ko su wane ne, kalmar ta maƙale mini, na ce, "Wasu bayin Allah ne." Jama'a suka ga tela da gemu da 'yar hula, matarsa da ɗankwali, ba sa cin alade, suka yanke hukunci da kansu. Da aka ƙone shagon telan, wani tsoho ya miƙe ya ce, "Allah shi isam ma Musulmi!" Aji ya ɗauki amin. Aka tashi ana ta sa mini albarka, ni kuma kunya kamar ta kashe ni.

A masauki Yohanna ya tura mini kwanon tuwon dawa ya ce, "Ci, Malam. Yau ka musuluntar da gida guda ba tare da sun sani ba." Na yi dariyar yaƙe. Shekara goma sha tara ina hana yara ƙarya a tarihi.

Lahadi: Rabah zuwa Goronyo

Shida daidai muka ɗau hanya, ga gonakin albasa kore shar dama da hagu. Mai masaukinmu, Alhaji Buba, dillalin albasa ne, abokin marigayi mahaifina. Ya ba mu rumfar ajiyarsa mai duhu. Aka rataye farin ƙyalle a tsakiya, maza ta gaba, mata ta baya suna ganin hoton a juye. Wurin ya cika har waje, ga warin albasa, kowa da ɗan hawayensa tun ba a fara ba.

Na sake cewa "bayin Allah". Sai dai an kira la'asar daidai inda tela ya kwaso 'ya'yansa yana buga ƙofar maƙwabcinsa, sojoji na biye. Muka tsayar, aka tafi sallah. A sahu na ji na kusa da ni yana cewa, "In makwabcin ga Musulmi na, ai dole shi buɗe ma ɗan'uwa nai."

Da aka dawo na ɗauki lasifika. Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni, na ɓoye muku abu. Wannan tela da iyalinsa Yahudawa ne."

Mutum biyar ko shida suka ɗauki takalmansu suka fita. Alhaji Buba ya dube ni ya ce, "Ɗana, don mi ba ka hwaɗi ba tun hwarko?" Na ce, "Tsoro na ji, Baba." Na tabbata tafiyar ta ƙare ke nan.

Sai muryar wata tsohuwa ta taso daga bayan ƙyalle. Daga baya na ji sunanta Inna Hajo, 'yan bindiga ne suka taso su daga ƙauyensu. Ta ce, "Malam, ran da munka gudo, ƙohwa ukku nib buga da jikokina, ta huɗu anka buɗe. Ba a tambaye ni komi ba. Kunna muna, mu ga ko an buɗe musu."

Alhaji Buba ya ce, "Kun ji. Kunna." Yohanna ya danna. Ƙofar na buɗewa, bayan ƙyalle ya kaure da guɗa, maza na ta kabbara. Ni fassarar ma kasa ta na yi.

Litinin: Gida

Tara da rabi muka iso Wurno da buhun albasa na kyautar Alhaji. Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, na gode wa Yohanna da masu masaukinmu. Amma ban sauke majigin daga mota ba, domin ranar Asabar zan koma Rabah in faɗa wa wancan tsohon ko wa ya yi wa addu'a.