Bakin Tsuntsayen Hafsat

Mitchellville

Da na idar da sallar asuba ban koma ɗaki ba, na tayar da mota. Zama ya gagare ni. 'Yata Hafsat, wadda na so ta zama likita, ta samu gurbin bincike a tsibiran Galapagos, shekara guda tana awon bakin tsuntsaye. Tsuntsaye fa, jama'a! Ta ce ba za ta tafi ba sai na sa mata albarka, kuma ranar ce ta ƙarshe da za ta ba su amsa. Na ce sai na ga aikin da idona.

Jirgin ƙasa

Na ajiye mota a tasha na shiga jirgi. Ga kujeru birjik, amma a tsaye na isa Washington. Ko ayar da ke aljihuna ban iya taunawa ba.

Gidan adana halittu

Mai gadi ya laluba ni, ya daɗe yana juya ƙullin ayata kafin ya miƙo min. Hafsat, da ke aiki a nan, ta durƙusa ta gaishe ni a gaban Turawa, sannan ta ja ni wani ɗaki ta jawo akwati. Ƙananan tsuntsaye ne busassu a jere, wani bakinsa siriri, wani kakkaura.

"Baba, kakansu ɗaya. Tsibiri ne ya raba su, abinci ya bambanta."

Ta karɓi ayata ta ba ni hantsaki. "Fasa." Na yi, na yi, ta ƙi. Ta ba ni filaya, nan take ta fashe.

"In fari ya zo, iri mai tauri ne kawai ke saura. Mai kaurin baki ya ci ya rayu, 'ya'yansa su gaji bakin."

"Sauran fa?"

"Mutuwa suke yi, Baba."

Na ga fari a ƙauyenmu ina yaro, na san abin da yake kwashewa. Hausarta ma, da kullum sai an roƙa, ranar zuba take yi. Wallahi tsoro ya kama ni, domin na gane tafiya za ta yi. Na dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Je ki ba su amsa."

Gida

Na iso bayan la'asar lafiya, alhamdulillahi. Tun daga ƙofa na ji ƙarar turmi. Uwarta ce ke daka mata yajin guzuri.

"Hajiya, ai ban faɗa miki na yarda ba."

"Alhaji, tun jiya na sayo barkonon."