Ciwon da Na Ɓoye Ya Cinye Gonar Baba

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun kafin damina. Masu turo saƙo suna tambaya ko na ƙarasa littafin da muke karantawa tare, ku yi haƙuri, ban ƙarasa ba. Asibiti na kwanta.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Yau dai zan yi.

Babana malamin firamare ne a Zurmi, ya yi ritaya, shekara biyu ke nan yana jiran garatutinsa. A gidanmu komai ka tambaya amsa ɗaya ce: "In kuɗin sun hito." Shi ya sa da zazzaɓi ya kama ni, cikina ya fara murɗawa, na yi shiru. Na ce ni ma bari in jira kuɗin su fito.

Kwana goma ina haɗiyar farasitamol, ina kwance da littafi a kan fuska. A littattafan nan, yarinya na yin tari wani zai faka mota a ƙofar gida. Ni Inna ce ta tsince ni a bayi, a sume. A babur aka kai ni asibitin Ƙaura.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya kalli Baba ya ce, "Taifod ne, har ya huda hanji. Me ya sa sai yanzu?"

Baba ya juyo ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗi?" Na ja hijabi na rufe ido.

Kuɗin aiki da magani dubu ɗari huɗu. Baba ya tafi Kasuwar Daji wajen wani dillalin hatsi, Alhaji Ilu, wanda Baba ne ya koya wa riƙe fensir. Baba ya ce rance yake so na wata biyu kawai, an ce sunansa ya kusa fitowa.

"Malam, kuɗin gwamnati ba a sa musu rana," in ji Alhaji Ilu. "Ka ba ni gonar bakin gulbi jingina. Ni zan noma, ran da ka biya ka amshi abinka."

Baba ya sa hannu. Har godiya ya yi masa.

Ranar da za a shiga da ni tiyata ita ce ranar tantance 'yan fansho, kowa sai ya je da ƙafarsa ya dangwala yatsa. Inna ta ce, "Malam, ka tahi, ai ina nan." Ya ce, "In tahi wa zai ba ta jini?" Ya naɗe hannun riga.

Na farka da roba a hanci. Kwana biyar ko ruwa ban sha ba, sai na leda. Kullum da safe wankin ciwo, ina cije hijabi don kada a ji kukana.

Da Baba ya je ofishin fansho bayan mako guda, aka ce an rufe. "Malam, a takarda kai ba ka nan. Sai zagaye na gaba." Yana tsaye a gabansu, da tabon allura a hannu.

Har yau zagayen bai zo ba.

Na warke, alhamdulillahi. Na gode wa likitan nan, da nas ɗin da take ce min 'yar littafi, da Inna da ta kwana ashirin kan tabarma. Baba kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba.

Shawarata: zazzaɓi in ya wuce kwana uku, ku je a gwada. 'Yan mata, kunya da tausayin iyaye kada su sa ku ɓoye ciwo. Da na faɗi da wuri, da kuɗin tunkiya ɗaya ya isa. Masu iyaye 'yan fansho, ku riƙe musu ranar tantancewa kamar ranar sallah.

Gonar ta yi kyau bana. Jiya Baba ya dawo da tiya biyu ta gero don kunun da likita ya ce in riƙa sha. Inna na zubawa a ƙwarya ta gane shi.

Geron gonarmu ne. Saye ya yi.