Layuka Uku na Garzali

Garzali mutumin Utai ne, amma shekara goma sha biyu ke nan yana da ɗan shago a Wudil, kusa da gada, inda yake cike wa mutane fom a intanet. Noma ya ƙi shi, shi ma ya ƙi noma, ya rungumi tsohuwar kwamfutarsa mai zafi kamar kaskon waina.

Abin alfaharinsa layukan waya uku ne. Wata manhaja ya samo ya haɗa su a kan kwamfutar, suna raba nauyin aiki, in wannan ya gaza wancan ya ɗauka. Idan ya fara yi maka bayaninta, wallahi sai shayinka ya huce.

Bana 'yarsa ta fari, Rahinatu, ta nemi makarantar koyon jinya. A baya sau biyu tana nema ba ta samu ba, kuma in ta rasa bana shekarunta sun wuce ƙa'idar makarantar. Takardunta suka kwana tara a aljihun tebur. Ba lalaci ba ne, kunyar 'yar fari ce. Ina shi ina tsallake 'ya'yan mutane ya fara da tasa? Ya gama na kowa, har na wanda ya zo jiya, ya bar nata sai ranar rufewa.

Ranar kuwa Juma'a ce, kasuwar shanu ta cika maƙil, kowane dillali da waya a kunne. Sabis ya yi ƙasa. Manhajar ta dinga tsalle daga wannan layi zuwa wancan, shafin makarantar kuma da zarar layi ya canza sai ya ɗauka wani ne daban, ya koro shi waje. Sau bakwai yana farowa daga farko. Da ya gano, ya cire biyu ya bar ɗaya, ɗayan kuwa ko hotonta ya kasa turawa. Ƙarfe huɗu aka rufe. Abin haushi, abin tausayi.

Bayan la'asar Rahinatu ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, sannu da aiki. An dace?"

"Sabis ne," in ji shi, bai ɗago ba.

Ta dubi tarin takardun shaidar cike fom ɗin makarantar da ya buga wa mutane. Ta sama ta ƙawarta Juwairiyya ce, wadda ita da kanta ta rako shagon shekaranjiya. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta miƙa hannu biyu.

"Baba, kawo ta Juwairiyya in kai mata. Hanyata ce."