Laujen Mai Yankan Kaba

An ƙwace wa wata tsohuwa laujenta a bakin tafki, kan hanyar Kebbe, a gaban idona. Laifinta kawai ta yanko kaba a ɗan tsibirin da aka kewaye da waya, wai an keɓe shi don tsuntsaye da baƙi masu zuwa ɗaukar hoto.

Ban san sunanta ba. Ga ta nan tsaye, zanenta jiƙe har ƙugu, alamar da ƙafa ta ƙetaro. Yatsunta duk sun tsattsage irin na mai saƙar tabarma. Ba ta kuka, ba ta roƙo. Mai gadin wurin, sa'an jikanta, ya ɓoye laujen a bayansa, yana nuna mata wani ganyen kaba da aka ƙulle.

"Inna, ku ka ƙulle ganye kuna ɓata muna wuri."

"Ɗana, ƙullin ga shaida ta," in ji ta. "Wadda aka ƙulle an yanke ta bana, ba mai taɓa ta sai baɗi. Haka uwata ta koya man."

Sai ta miƙa hannu a ba ta laujenta, ta bar shi a miƙe. Hannun ya ƙi sauka. Ina jin akwai masu jiran tuwo a gida, kuma daga tabarmar da take saƙawa da kabar nan yake fitowa.

Ku da kuka kafa wayar nan, wa ya tsare kabar kafin ku zo? Ku mayar mata da laujenta yau, ku buɗe mata ƙofa, sannan ku zauna ta koya muku ƙulli.