Maiwar da na shafa wa ja

Wautata ta farko, na ɗauka duk ƙasar Kurfai ba wanda ya kai ni wayo. Ta biyu, sai da na yi furfura kafin in gane ta farkon. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya kore ni don na zare alli daga aljihunsa na sayar wa ɗan ajinmu. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace ya taso.

Mu biyu babanmu ya bari, ni da wana Mamman, da gona guda a ƙauyenmu, gabas da Filinge. Mamman manomi ne irin wanda rana ba ta taɓa iske shi kwance ba. Matarsa Hajo ita ke bin bayansa ranar shibka, shi yana sara da sungumi, ita tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ni kuwa na bar musu gonar na shigo gari neman sana'a.

Ba sana'ar da ta ƙi ni. Ni ne ban taɓa zuwa wurin sana'a guda kwana bakwai a jere ba. Na kafa teburin shayi a tasha, sai in buɗe da hantsi, motocin Yamai sun riga sun tashi da masu sha. Na yi kiwon awaki uku, biyu ƙishirwa ta kashe su, rijiya tana bayan gidana. Komi aka ce in yi, amsata guda ce: gobe. Har anka daina kirana da sunana a tasha, sai a ce ga Malam Gobe nan.

Wata shekara anka kawo wa mutanenmu irin gero na furoje, wato masu aikin taimakon manoma, mai saurin nuna, a ƙananan ledoji, an shafa masa jan magani don ƙwari. Waɗanda sunka samu sun ji daɗinsa, bai kuwa ishi kowa ba. Bazarar da ta biyo baya duk inda ka zauna zancen jan iri ake yi. Ina kasuwar Baleyara ina yawon banza na ga buhunan maiwa da anka kawo daga kudu, araha. Ga wanda bai sani ba, maiwa ƴar uwar gero ce, sai dai ita ba ta gaggawa, tana son damina mai tsawo. A wajenmu ruwa yana ɗaukewa tun ba ta fid da kai ba. Kowane manomi ya san haka, kuma in ya ga ƙwayarta tsirara zai gane ta. Na tsaya gaban buhun na ce a raina, to in an sa mata riga fa?

Na sayi tiya biyar da garin rini ja. Na ce gwaji ne kawai, sau ɗaya.

Abin da har yau nake jin kunyarsa ya fi satar kanta shi ne yadda na yi aikin. Ni da ban iya tashi in dafa shayi ba, sai ga ni ana sallame asuba na baza tabarma. In tankaɗe, in tsince tsakuwa ɗaya ɗaya, in jiƙa rini daidai kada ya yi duhu, in shanya a ɗaki, in auna, in liƙe bakin leda da wutar buji, wato kyandir, layi miƙe kamar na inji. Ban taɓa tsallake rana ba. Kasuwar Filinge, kasuwar Damana, ƙananan kasuwannin Tondikandiya, kafin masu rumfa su iso na shimfiɗa buhuna. Wani dillali ya ce mani, "Malam Gobe, wa ya yi maka rubutu ka sha?" Na yi dariya na ce girma ne ya zo.

Ranar wata kasuwar Filinge, mutane sun kewaye ni, sai na ɗaga kai na ga Mamman. Ya tsuguna ya ɗauki leda guda yana juya ta.

Ya ce, "Auta, an ce kai ke da jan iri. Ka bari sai a bakin mutane zan ji?"

Na ce, "Yaya, ai naka daban yake, bari sai na zo gida."

Wani tsoho daga gefe ya ce, "A'a, in akwai wanda ya fi wannan, mu ma shi muke so."

Idanu sunka dawo kaina. Na ce wasa nake, duk iri guda ne. Na ƙirga wa wana abin da zai ishi gonar babanmu, na ƙi karɓar kuɗinsa, mutane suna ta sa mani albarka. Ya ɗaure a rawaninsa ya tafi yana murna.

Na yi niyyar bin sa. Wallahi na yi niyya. Na ce gobe in hau amalanke in je in karɓe, in ce an samu kuskure, in saya masa gero na gaskiya. Gobe ta zo, kasuwar Damana ce. Wadda ta biyo, ina da rini a jiƙe. Kwana tara ina cewa gobe. A na goma hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, washegari duk Kurfai tana gona. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina jin ƙanshin ƙasa. Ban ji komi a raina ba. Na tashi na ci tuwona.

Maiwa ba ta tona ni da wuri ba. Ta tsiro da kyau, ta yi kore shar, ta fi geron maƙwabta tsawo da kauri. Wata biyu ana yabona. Mamman ya aiko mani da zabuwa. Na yanka na ci.

Sai geron mutane ya yi ciki, ya fid da kai, yara sunka fara gasa tumu. Gonakin da sunka sha jan irina suna tsaye, ganye kawai, sun fi mutum tsawo. Anka ce a ƙara haƙuri, irin Nasara ne, yana da nasa lokaci. Ruwa ya ɗauke. Karan ya bushe a tsaye ba zangarniya ko ɗaya.

Mutanen wani ƙauye na Tondikandiya sunka tumɓuke karan sunka ɗora a amalanke har ofishin jandarma. Da anka zo ɗakina ba a sha wahalar bincike ba. Ga rini, ga ledoji, ga ragowar maiwa, komi a jere tsaf, don lokacin na zama mutum mai tsari. A gaban alƙali manoma sunka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta duban ƙofa. Mamman bai zo ba, bai kuma aiko ba. Anka yanke mani shekara biyu.

A kaso labari ya iske ni cewa rumbun gidanmu ko dami ɗaya bai gani ba. Mamman ya sayar da bijimin noma, bai ishe su ba, ya bi samari cin rani Kwatano, da furfurarsa, yana dako a bakin ruwa. Hajo ta koma daka a gidajen mutane. Wanda ya ba ni labarin yana jira ya ga na yi kuka. Na tambaye shi ko yana da goro.

Akwai ɗan lambu a bayan kason, anka sa ni ban ruwa. Mai kula da mu wani garde ne ɗan Zabarmawa, ba ya dariya. Ya ba ni fangali huɗu na tumatir, safe da marece. Wata rana na gaji na bar guda, na ce gobe in haɗa masa. Rana ta ƙone shi ƙurmus. Garden bai zage ni ba. Ya ce, "Tsoho, wannan ma naka ne, ci gaba da ba shi." Kwana bakwai ina ɗauko ruwa ina zuba wa matattun tsirrai, ƴan kaso suna tambayata yaushe za mu ci miya. A kwana na bakwai ina tsaye da bokiti na tuna ƙasarmu, na ga Hajo tana noman maiwa har sau biyu. A nan ne abin ya fara shiga jikina, ba a gaban alƙali ba.

Da na fito ba wanda ya tarbe ni. Na roƙi Allah gafara, na bi ƙauyuka na roƙi mutane. Wasu sun yafe, wasu sun tashi sun bar ni zaune. Abin dariya, sana'ar da na iya guda ce, iri. Na ari ƴar gona, na shibka geron gida, da kaka na zaɓi zangarniya masu kyau na rataye. Yanzu kwana biyar kafin kowace kasuwa nakan ɗebi ƙwaya daga buhun da zan kai, in nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in yayyafa mata ruwa safe da marece. Ranar kasuwa in buɗe tsumman a gaban kowa, mai saye ya ga tsiron da idonsa. Ba na shafa wa iri komi. Shekarar farko yini nake ni da ƙudaje. Yanzu har daga Damana ana zuwa nemana, ko da yake har yau akwai mai wanke ƙwayar da miyau a gabana kafin ya saya. Ba na jin haushi, ni na koya musu.

Ku samari masu son kasuwa ta karɓe ku, ba ni da wani sirri. Abin da ke hana sana'a tsayawa ba rashin jari ba ne kullum, rashin zuwa ne. Ku buɗe a lokaci guda ko da mai saye ko babu. Ku yi wa kayan halal irin hidimar da na yi wa na haram. In kun lura jikinku bai da nauyi sai wurin abin da kuke ɓoyewa, ku ji tsoron kanku tun ranar. Kuma abin da kunka san gyaransa na yau ne, kada ku kwana da shi. Ni tafiyar hantsi guda ce ta raba ni da wana.

Bara, ana gab da shibka, Mamman ya zo rumfata. Tun fitowata muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, ba mu taɓa zancen ba. Bayansa ya ranƙwafa. Ya tsuguna kamar wancan karon, ya buɗe tsumman, ya daɗe yana duban tsiron. Ya ce in auna masa tiya biyu. Na auna, ya ajiye kuɗinsa a kan buhu, na tura masa, ya sake turo mani. Ya ɗaure irin a rawani, ya miƙe da ƙyar, sannan ya ce,

"Ka san daren da za mu shibka wancan, Hajo ta wanke ƙwaya kaɗan a ƙwarya. Ta ce mani, Malam, wannan maiwa ce. Na ce mata rufe mani baki, ƙanena ba ya ba ni maiwa."

Ya sa takalmansa ya shiga kasuwa.